Zuwa Ga Auta, Kan Shafen Ɗakin Kakarka

Kafur, Jihar Katsina

Auta,

Ina fata kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan sai godiya. Masara ta shiga rumbu, dawa ce ta rage a gona.

Yayanka ya nuna mini hoton bangon nan na Marakish, ƙasar Maroko, da ka turo masa. Ka ce farar ƙasa ce ta ƙonannen dutse, a shafa, a goge da dutse mai santsi, a bi da baƙin sabulun man zaitun har ruwa ya daina kama bangon. Aikin gwanaye ne, na yaba. Inda ban yarda ba shi ne da ka ce a fara yi wa ɗakin kakarka filastar siminti.

Bangon tubali yana shan danshi da damina, ya sake shi da rani. In ka rufe shi da siminti, danshin ya rasa mafita, sai ya riƙa cin ƙasar ta ciki. Ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar kifaffiyar ƙwarya, wata rana filastar ta ɓallo gaba ɗaya. Ba zan yi wa ɗakin da aka haife ni a ciki haka ba.

Makuba za mu sa. Innarka ta tara ɓawon ɗorawa tun bazara, bayan ta cire kalwar daddawa. Za a daka shi, a jiƙa a randa har ruwan ya yi ja, ya yi duhu. Da shi za mu kwaɓa jar ƙasar da aka tankaɗe, mu bar ta ta kwana, sannan a yaɓa siriri da tafin hannu, a sake bi.

Gugar ita ce aikin, kuma ita nake so hannunka ya sani. Ba a taɓa bango yana jiƙe sharkaf, ba a kuma bari ya bushe ƙayau. Ka danna babban yatsa: in ya ji sanyi amma bai lotsa ba, lokaci ya yi. Sai ka ɗauki dutsen rafi wanda ya cika tafinka, ka riƙa murzawa kana zagayawa, kaɗan-kaɗan, har wurin ya yi duhu ya soma sheƙi. Kafaɗa za ta gaya maka. A saki tabarma a ƙofa, don iskar hunturu takan tsattsaga shafe in ta same shi ɗanye. Daɓen ƙasa kuwa na mata ne, su da madaɓansu da waƙoƙinsu.

Shafen namu yana son gyara lokaci-lokaci, gaskiya ne. Amma magabata sun san sirrin tare ruwa: da katsin marina, da gashin awaki daga majema, da dafara suke haɗa laso su rufe soraye.

Tunda kana Zariya, ka nemi labarin tsohon Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, mai sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ka dubi hotunan bakan gizon rufinsa, ka ga abin da ƙasa da azara suke iya ɗauka.

In an ba ku hutu ka taho kai tsaye, da tsofaffin kayanka na aiki. Innarka tana gaishe ka, kakarka kuma ta ce ka riƙo mata goro. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.