Labule Suturar Ɗaki Ne

A ganina, ɗakin da tagarsa ba ta da labule bai gama samun sutura ba. Mai wucewa ya leƙa, ranar bazara ta kwararo ciki, ƙurar hunturu ta biyo baya. Duk da haka, gidaje da yawa kan bar taga tsirara saboda tsadar labulen kanti.

Ni kam tsofaffin zannuwana nake kai wa tela. Turmin atamfa yadi 6 ne, wato zane 3. Zane guda ya kai kusan mita 1 da santimita 80, ya ishi taga mai faɗin mita 1 har ya yi tattara mai kyau. Tela ya kalmashe bakin sama, a zura waya ko igiya, a kafa ƙusa biyu, shi ke nan. Ta bayansa nakan haɗa farin zanen gado na gwanjo, domin fari yana mayar da zafin rana, atamfar kuma ba ta saurin koɗewa.

Ƴar'uwa, kada ki damu don maƙwabciya ta gane zanenki na bara a taga. Ya fi miki cin bashi saboda ado. Daidai ruwa, daidai tsaki.