Fim Ba Baki, Amma Ya Yi Magana

'Yan'uwa marubuta, akwai wani tsohon fim na Turawa mai suna One Million Years B.C. wanda kamfanin Hammer na Ingila ya fitar a 1966, aka ɗauke shi a tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya. Labarin mutanen kogo ne. In ban da ɗan bayanin mai sharhi a farko, ba a jin wani harshe a cikinsa, sai gurnani da 'yan kalmomin da aka ƙaga. Duk da haka, a ganina ba ƙaramar magana ya yi ba a kan mulki da launin jiki.

Ƙabilu biyu aka nuna. Mutanen dutse masu baƙin gashi ne cukurkuɗe, zamansu na kashin dankali, babba ya danne ƙarami. Shugabansu Akhoba ya kori ɗansa Tumak saboda rigima a kan nama, ɗaya ɗan kuma, Sakana, ya nemi halaka uban don ya gaje mulki. Su kuwa mutanen bakin teku gashinsu ruwan zinare ne, suna zane a bangon kogo, suna yin sarƙar wuya, mashinsu ma ya fi inganci. Da Loana, wadda Raquel Welch ta fito a matsayinta, ta kayar da Nupondi mai baƙin gashi a faɗa, sai ta ƙi kashe ta. Ka ga an raba halaye ke nan: tausayi da basira na masu haske, mugunta ta masu duhu.

Kowa ya san sa mutane faɗa da dainaso almara ce, domin waɗannan manyan dabbobi sun ƙare kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce. Wannan ƙarya ba ta dame ni ba, tunda ko yaro zai gano ta. Wadda ta dame ni ita ce mai shiga zuciya ba sallama. Binciken masana ya nuna a Afirka mutum irinmu ya fara bayyana, kimanin shekaru 300,000 baya, amma babu baƙar fata cikin manyan 'yan wasan. Kuma an yi fim ɗin shekaru 6 kacal bayan 1960, shekarar da ƙasashen Afirka 17 suka sami 'yancin kai.

Na taɓa ba ɗalibaina labarin fim ɗin a aji, na ɓoye kamannin ƙabilun, sannan na ce su siffanta mini Loana. Kusan duk suka ce fara ce, doguwa, mai gashi har gadon baya. Ba su taɓa ganin fim ɗin ba. To a ina suka samo ta? A cikin littattafanmu na soyayya, inda sau da yawa tauraruwa fara ce sol mai dogon hanci, muguwar kishiya kuwa baƙa ce gajera, baƙauye kuma abin dariya.

Yarinya baƙa da ke zaune a ajina tana karanta mu, kuma tana neman kanta a cikin shafukanmu. Saboda haka kafin mu raba wa taurarinmu launi da hali, mu tsaya mu tambayi kanmu wa muka ba hankali, wa muka bar wa gurnani. Allah Ya sa alƙalaminmu ya yi adalci, amin.