Idan Sabis Ya Ɗauke Cikin Dare, Wa Za Ki Kira?

'Yar'uwa, wayar da ke hannunki ƙaramar rediyo ce. Muryarki tana bin iska zuwa turken sabis mafi kusa. In man janaretan turken ya ƙare, ko guguwa ta taɓa shi, da wayar dubu ɗari da ta dubu goma duk ɗaya ne.

Kin tuna Satumban 2021, da aka katse sabis a faɗin Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro? Mu nan ƙauyukan Bichi, Ɗambatta da Makoɗa ba a katse mana ba, amma damina kan yi mana irin wannan aikin ba sanarwa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne zubar jini bayan haihuwa, domin yana iya kashe mace cikin awa biyu. Sau nawa ake kawo mana mai jego jiki ya yi sanyi, uwar miji tana cewa, "Malama, mun yi ta kiran direba, layi bai shiga ba"?

Akwai mutanen da suka mayar da sadarwar rediyo abin sha'awarsu, suna magana da juna ba tare da turken kowane kamfani ba. Da girgizar ƙasa ta afka wa Nepal a 2015, irinsu sun taimaka wajen isar da saƙonni. Zangon da suka fi amfani da shi a kusa-kusa yana farawa daga megahaz 144, eriyarsa kuma ba ta wuce rabin mita ba. Sirrin yana wajen tsayi: oba-oban da ke kai kilomita kaɗan a hannu, in aka ɗaga eriyarsa kan dogon ƙarfe sai ya ninka nisan. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ƙauye na hango ƙauye, don haka zai iya haɗa ƙaramin asibiti da tashar mota. Sai dai yana buƙatar lasisin hukuma, shi ya sa maganar ta kwamitin lafiya na mazaɓa ce. Ki sa maigida ya tayar da ita a can.

Kafin nan, ga naki. Tun cikin wata bakwai ki san inda sabis ke kamawa, ko bisa katanga ko bayan gari. Ki riƙe lambar direba biyu da ta ungozoma a takarda, da lambar gaggawa 112. Ki san gidan mai babur da za a buga wa ƙofa da ƙafa. Iyafis kuma kada yara su tsinka shi: igiyarsa ce eriyar rediyon wayarki, da ita za ki ji gargaɗin ambaliya ko babu data.

Naƙuda ba ta jiran sabis. Allah Ya sauki masu ciki lafiya.