Hasken Da Ido Ba Ya Gani

'Yar'uwa mai karatu, kin san doguwar fitilar nan fara da ake maƙalawa a bango? A ƙarƙashinta na rubuta littafina na farko, a ɗakinmu na Daura. Ran nan ina share yana sai tsintsiya ta doke ta, ta faɗo ta tarwatse. Na durƙusa zan kwashe farin garin da ya zube, sai ƙanena da ya karanta kimiyya ya ce, "Yaya, kar ki taɓa da hannu, akwai zaiba a ciki. Buɗe taga."

Da muka gama sharar ya yi mini bayani. Wai idan lantarki ya ratsa tururin zaibar, sai ya koma abin da masana ke kira filasma, ya riƙa fitar da haske mai ƙarfi wanda idon mutum ba ya gani. Farin garin nan shi ke karɓar hasken ya mayar da shi wanda muke gani. Wani kashi na ɓoyayyen hasken ma, mai tsawon nanomita 185, ko cikin iska ba ya iya tafiya, don iska na haɗiye duk wanda bai kai 200 ba. Sai da wani Bajamushe, Victor Schumann, ya zuƙe iskar cikin na'urarsa kafin ya ɗauki hoton irin wannan haske a 1893.

Wallahi jikina sai ya yi sanyi. Ashe kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Nan take babbar yayarmu ta faɗo mini a rai. Tana aji shida aka cire ta aka yi mata aure. Da ɗinkin hula ta biya mini kuɗin jarrabawa, har idonta ya raunana. Amma a shafin godiyar littafina na lissafa malamaina, da ƙawayena, har da mai buga tafireta. Ita kuwa babu sunanta.

Washegari na je gidanta na ce, "Yaya, ki yafe mini." Ta yi dariya ta ce, "Ke dai ci gaba da rubutunki." Wannan dariyar ta fi zagi yi mini ciwo.

To 'yar'uwa, ke wa ya ƙone don ki haskaka? Ki je ki gode masa tun yana raye. Allah Ya sa mu gane, amin.