Tanis ɗin da ba a nunawa a talabijin

Jama'a, idan aka ce wasan tanis, yawancinmu Wimbledon ke faɗo mana a rai: ciyawa shar, fararen kaya, manyan baƙi a rumfa. To akwai wani tanis ɗin a can ƙasa, inda kusan duk ɗan wasa yake fara rarrafe, kuma shi nake so mu tattauna yau.

Hukumar tanis ta duniya tana shirya ƙananan gasanni da ake kira M15 na maza da W15 na mata. Wannan 15 ɗin na nufin dala 15,000, kuma kuɗin gasar ne gaba ɗaya, kowa da kowa a ciki zai samu. 'Yan wasa 32 ke shiga babban jadawali. Wanda ya ci wasa biyar a jere ya ɗaga kofi, abin da zai karɓa dala dubu biyu ne da 'yan kai. Wanda aka fitar a zagayen farko ko dala 200 ba zai gani ba. A Wimbledon ta 2024 kuwa, wanda aka kora a wasan farko fam 60,000 ya tafi da shi gida. Kuma a M15 ɗan wasa shi zai sayi tikitin jirgi, ya biya otal, ya ci abinci, ya biya mai ɗaure masa igiyar raket.

Kwanakin baya na bi wasan wani yaro ɗan Najeriya a Monastir ta ƙasar Tunisiya, garin da ake buga irin wannan gasa kusan kowane mako. Babu hoto, babu mai sharhi. Lambobi kawai ke canzawa a wayata: 15-0, 15-15, 30-15. Ya ci zangon farko. A na biyu aka kai 4-4, sai lambobin suka tsaya cik kusan minti goma. Wallahi sai da na tashi tsaye. Ciwo ya ji? Ruwa aka fara? Ko gardamar layi ake yi? Ba mai gaya maka. Da aka dawo ya rasa zangon, ya rasa na uku da 6-4. Sama da awa biyu yana gumi, daga ƙarshe abin da zai karɓa da kyar ya biya masa kwanan otal.

Ga inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kun san me ya sa wasan da ba ya tara ko mutum ashirin a bakin fili ake samun sakamakonsa nan take a Kano ko Zariya? Alƙalin wasa ne ke danna kowane maki a na'ura, bayanan kuma ana sayar wa kamfanonin caca. Wato da yawa daga masu zura wa lambobin nan ido, kuɗinsu suke gadi. Ku leƙa shagunan caca na unguwanninmu, za ku ga matashi ya zuba kuɗi a kan ɗan wasan da ko sunansa bai iya faɗa ba. In ya faɗi, sai a bi yaron har shafinsa na Instagram da zagi. Abin ya yi ƙamari har a 2024 hukumomin tanis suka kawo wani tsari na musamman don bibiyar masu zagin 'yan wasa a intanet. Sannan yaron da aljihunsa ya bushe, shi masu sayen wasa suka fi yi wa tayi. Hukumar ITIA, wadda ta fara aiki a 2021, ta sha dakatar da 'yan wasa da alƙalai a wannan mataki saboda haka.

Mu kuma fa? Tanis ba baƙo ba ne a wurinmu. Kano na da gasar Dala, Kaduna ta yi suna da filayen jar ƙasa, Legas ta yi Kofin Gwamna. Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983. Ons Jabeur 'yar Tunisiya ta kai wasan ƙarshe a can a 2022 da 2023, kuma ita ma daga irin waɗannan ƙananan gasanni ta taso. Yaron Tunisiya mota zai hau ya je ya nemi maki. Namu sai ya nemi dala da biza tukuna.

Saboda haka roƙona biyu ne. Masu hannu da shuni, dala 15,000 ba ta kai kuɗin wasu motocin da ake sauyawa duk shekara ba. Ko da an haɗa da hidimar shiri, gasa ɗaya a gida za ta ba yaranmu damar neman maki ba tare da cin bashi ba. Ku kuma ƙannena masu caca, ku ji tsoron Allah. Bayan haramcinta, ku sani lambar nan da kuke zagi mutum ne, ɗan wani ne, wataƙila ma bashi ya ci ya je can.

Wanda ya san wani yaro ko yarinya da ke buga tanis a garinsu, ya faɗa mana a ƙasa. Ko raket ɗaya muka haɗa muka saya, an rage wani abu. Allah Ya dafa wa matasanmu.