Ziyararmu Zuwa Fadamar Tsuntsaye Ta Martin Mere

Ga labarin tafiyar da muka yi da yaran makaranta ran wata Asabar cikin watan Nuwamba, don waɗanda ba su sami zuwa ba su ji abin da muka gano.

Mun tashi daga Mancesta da ƙarfe takwas na safe, gari bai gama wayewa ba, ga sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Tafiyar ba ta fi mil talatin da 'yan kai ba. 'Yan'uwanmu na Birmingham kuwa tun da asuba suka kamo hanya, don tasu ta kusa mil ɗari. Muka gamu a bakin ƙofar wurin, kusa da wani ɗan gari wai shi Burscough, a lardin Lankasha.

Asalin wurin nan wani babban tabki ne, an ce a da duk Ingila ba wanda ya kai shi faɗi. Wajen ƙarshen ƙarni na 17 wani mai ƙasa, Thomas Fleetwood, ya sa aka haƙa magudana har teku don a janye ruwan a yi noma. Aka yi ta fama shekara da shekaru, sai da injin tururi ya zo cikin ƙarni na 19 sa'an nan aka ƙafar da shi sarai. Gonaki suka samu, tsuntsaye suka watse. Daga baya sai ga wani Bature, Peter Scott, wanda da ƙuruciyarsa maharbin agwagin ruwa ne, ya kafa ƙungiyar kiyaye su a 1946. Ƙungiyarsa ce ta sayi wani yanki na gonakin, aka mai da ruwa ciki, aka buɗe wa jama'a a 1975. Ku duba fa, kakanni sun kashe dukiya wajen korar ruwa, jikoki sun kashe wajen komo da shi.

An giggina 'yan ɗakunan katako a bakin ruwa, masu dogayen tagogi ƙanana. Mutum ya shiga ya zauna kan benci, yana ganin tsuntsu, tsuntsu ba ya ganinsa. Doka ɗaya ce, a yi shiru. Mu da muka san yaranmu muka ce yau za a yi abin kunya. Ashe ba haka ba. Da muka leƙa, kai jama'a! Ruwa ya yi fari fat da wasu manyan tsuntsaye masu dogon wuya, sun fi dinyarmu girma, Turawa na ce musu siwan. Daga tsibirin Aisland su ke zuwa cikin Oktoba, su ƙetare teku fiye da mil 500, su yi hunturu a nan, su koma cikin Maris. Uwa da uba da 'ya'ya tare su ke tafiya. Yara suka yi tsit, yadda ba su taɓa yi mana a gaban allo ba.

Can wani yaro ɗan shekara tara ya ja hannun rigarmu, ya nuna wata 'yar farar tsuntsuwa tana bin shanu a makiyaya, ya ce, "Malam, mene ne sunan waccan?" Muka ɗaga madubin hangen nesa. Wallahi balbela ce, irin tamu sak. Wani dattijo na Birmingham ya karɓi madubin, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, ashe ita ma ci-rani ta zo?" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ma'aikacin wurin ya gaya mana da baƙuwa ce ƙwarai a ƙasar nan, sai a 2008 aka fara ganin ta yi sheƙa a Ingila, yanzu kuwa tana ta yaɗuwa arewa don hunturu ya rage tsanani.

Amma abin da ya sosa mana rai shi ne, cikin yaran duka ba wanda ya san kalmar balbela. Muka tambaye su shamuwa, shiru. Zalɓe, gauraka, kirinjijiya, shiru. Laifin ba nasu ba ne. Yaron da daga gida sai mota, daga mota sai makaranta, ina zai san sunan tsuntsu? Nan take muka fid da takarda muka rubuta sunayen da ajami, muka sa su suka kwafa da boko, dattawa suna ta tuno wasu.

Da ma'aikacin ya ji daga Afirka ta Yamma mu ke, sai ya nuna mana iwar bakin ruwa, ya ce, "Baƙinmu na bazara suna wajenku yanzu." Watau akwai wasu ƙananan tsuntsaye, ba su kai gwara ba, da ke ƙyanƙyasa cikin iwar nan. Kaka na yi sai su ci su yi ƙiba, har nauyin wasu ya ninka, sa'an nan su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su sauka fadamun Senegal da na Mali. Wasu danginsu na ƙasashen Turai kuma Tabkin Cadi da fadamun Haɗeja da Nguru su ke nufa. A bazarar 1969 Turawan Ingila sun ga fiye da rabin wani irin ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai komo ba. Da aka bincika, ashe farin da ya fara a ƙasashenmu ne ya kashe su. Tsuntsu ya riga rediyo kawo musu labarin yunwar da ke tafe.

Da ƙarfe uku aka watsa wa manyan tsuntsayen alkama, aka yi ta hayaniya sai ka ce kasuwar Kumasi. Kafin ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi. Sai ga dinyoyi masu jan ƙafa, su ma 'yan Aisland, suna komowa daga gonaki sahu-sahu, dubu bisa dubu, kukansu ya cika sama. Muka yi magariba a gefen mota, muka sha shayi, kowa ya kama hanya.

To, jama'a, a hanya muka yi ta tunanin gida. Mu ma muna da irin wuraren nan. Ga Owabi kusa da Kumasi, wadda aka sa cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a 1988, ga Sakumono kusa da Tema, a 1992. Amma gine-gine sai cin su su ke yi. Kada mu yi nuni da yatsa nesa, don wani kuɗin bulon daga aljihunmu na nan Ingila ya ke fita. A buga maka waya a ce ga fili da araha, ka aika, ba ka tambayi ko kwari ne ba. Fadama kuwa randar gari ce, in aka cike ta ruwa ba shi da masauki sai ɗakin mutane. Ba mu manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, sa'ad da ambaliya da gobara suka halaka mutum wajen 150 a Ankara.

Saboda haka roƙonmu biyu ne. Na fari, duk mai sayen fili a gida ya sa a dubo masa shi da damina, ba da rani ba. Na biyu, mun yi niyyar komawa cikin watan Mayu, lokacin da 'yan ci-ranin nan za su komo daga ƙasarmu. Iyaye a ba mu yara, a haɗa su da rigar ruwa da takalmin roba. Dattawa kuma kowa ya zo da sunan tsuntsu biyar a kansa.

Allah ya kai mu lafiya. Wasalam.