Shokozobar baya, daga Birmingham zuwa Yelwa

A Ingila kayan gyaran mota ba su da tsada can, hannun bakanike ne wuta, domin da awa ake biyansa. A Yelwan Yauri kuwa hannun ne araha, ƙarfen ke cin kuɗi.

Nan Birmingham, mota in ta kai shekara 3 sai an riƙa kai ta gwajin MOT duk shekara, gwajin da aka faro tun 1960. Mai duba ya ga shokozoba na tsiyayar da mai sosai, to ba takarda. Shi ya sa ran Asabar za ka ga mutum ya shimfiɗa kwali a ƙofar gida. Maƙwabcina malamin makaranta ne, amma haka ya ɗaga motarsa da jak, ya tokare ta da ƙafafun ƙarfe, littafin gyaran mota na Haynes buɗe a gefe. Notin ƙasan shokozobar ya fi ba shi wuya, don gishirin da ake watsa wa titi da hunturu ya sa shi tsatsa. Sababbi biyu ya sa, hagu da dama, kuma bai ƙarasa ɗaurewa ba sai da motar ta zauna kan tayoyinta, kada robar ta murɗe.

A gida wa zai ga alhaji kwance ƙarƙashin mota? Kafin la'asar an ce rowa ce, ko karayar arziki. Gareji ake zuwa. Bakanike ya danna bayan motar da hannu, ya saki, ya ga yadda take rawa.

"Ranka ya daɗe, ta hagun ce ta mutu. Ta daman da sauranta."

Sai a aiki yaro ya ɗauko 'yar Baljiyam guda.

Ba na raina kanikawanmu. Abin da suke ganewa da kunne, maƙwabcina sai ya buɗe littafi. Kuma Golf ɗin da ke kwasar bandar kifi daga Wara ta hanyar Ngaski, ko buhunan shinkafa da albasa daga ƙauyukan Shanga, tana ɗaukar lodin da maƙeranta ba su yi mafarkinsa ba. Har robar tsohuwar taya ake cusawa cikin sifirin don bayan ya ɗagu.

Canza ɗaya ɗin ne ban yarda da shi ba. Gefe guda na riƙewa, gefe guda na lilo, taya ta cinye tabo-tabo, kuma in direba ya taka birki a kwana da lodi, bayan motar ke fara kufcewa.